Sojojin Kamaru: Tsaron iyaka ko tsaron fada?

Tun farkon watan Mayu yara suka fara atisayen fareti a filin makarantarmu da ke Domayo, nan Marwa. Hagu, dama, hagu, dama, ga rana tana dukan ƙeya. Ranar 20 ga wata za su wuce gaban gwamna bayan sojoji sun gama nasu, kamar yadda ake yi duk shekara don tunawa da ƙuri'ar raba-gardama ta 1972 wadda ta mayar da Kamaru dunƙulalliyar ƙasa. A wajen atisayen ne wani yaro ɗan ajin ƙarshe ya tare ni da tambaya: "Malam, in na girma zan iya shiga BIR?" Na ce masa me zai hana. Sai ya ce ai babansa ya ce soja ba aikin irinmu ba ne.

Ban ga laifin uban ba, kuma ban ce ɗan ya yi kuskure ba. Tsakanin maganar ɗan da ta uban akwai tarihin shekara sittin da 'yan kai. Abin da na fahimta shi ne, sojojin Kamaru sun kare mu daga Boko Haram, wannan ba mai musu sai wanda bai kwana a Marwa a 2015 ba. Amma tun ran gini an tsara rundunar ne don tsaron kujerar mulki kafin tsaron iyaka, kuma mu mutanen Arewa Mai Nisa muna cikin waɗanda tsarin yake ci, wani lokaci har da rayuka.

Kafin a sami abin da ake kira sojan Kamaru, ƙasar nan ta sha ganin bindigar Turawa. A Janairun 1902 Hans Dominik da dakarun Jamus suka karya rundunar Lamido Zubairu na Adamawa a bakin Marwa. A yaƙin duniya na ɗaya Turawan Ingila suka taso daga Yola suka kai wa Garwa hari a Agustan 1914, aka kore su, sai a Yunin 1915 garin ya faɗa hannunsu su da Faransawa. A kan dutsen Mora kuwa Kyaftin von Raben bai miƙa wuya ba sai Fabrairun 1916. Abin da ba mu cika gaya wa yara a aji ba shi ne, rundunar da aka kawo daga Najeriya cike take da Hausawa, har ma Hausa ce harshen barikinsu. Ashe ke nan Bahaushe ba baƙon kaki ba ne a wannan yanki.

Rundunar da muke da ita yau an kafa ta ne da dokar 11 ga Nuwamba 1959, kimanin mako bakwai kafin samun 'yancin kai ranar 1 ga Janairu 1960. A lokacin babu wata ƙasar waje da ke barazana ga Kamaru. Abokin gabar yana cikin gida: mayaƙan jam'iyyar UPC a dazukan Sanaga-Maritime da tsaunukan ƙasar Bamileke. Sojojin Faransa sun riga sun kashe Ruben Um Nyobe a Satumbar 1958, kuma hafsoshinsu ne suka ja ragamar sabuwar rundunar a shekarun farko. Yaƙin bai mutu murus ba sai da aka harbe Ernest Ouandie a Bafusam a Janairun 1971. Sai a 2025 Shugaba Macron ya amince a rubuce cewa abin da Faransa ta yi a nan yaƙi ne. To darasin farko da wannan soja ya koya ke nan: maƙiyi yana saje da mutanen ƙauye, don haka ɗan ƙauye abin zargi ne har sai ya wanke kansa. Ku riƙe wannan, za mu sake haɗuwa da shi a Mayo-Sava.

A zamanin Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa, 'yan Arewa ba bare ba ne a bariki. Sadou Daoudou, ɗan Ngawundare, shi ya riƙe ma'aikatar soja daga 1961 zuwa 1980. Dakarun da ke gadin fadar shugaban ƙasa, wato Garde Républicaine, mafi yawansu 'yan Arewa ne. Ba wai ina yabon wannan ba ne, domin shi ma tsarin tsaron kujera ne, mai kujerar ne kawai namu. Ahidjo ya sauka a Nuwambar 1982 ya miƙa wa Paul Biya, suka ɓata a 1983, sai ranar 6 ga Afrilu 1984 wani ɓangare na masu gadin fadar suka yi yunƙurin juyin mulki a Yawunde. Sauran sojoji suka murƙushe su cikin kwana biyu.

Abin da ya biyo baya shi ne tushen maganar baban ɗalibina, ko da shi bai sani ba. Aka kafa kotun soja, aka harbe gommai a Mbalmayo, iyalai ba su ga gawa ba balle su yi mata sutura. Aka kama 'yan Arewa da yawa, sojoji da farar hula. Issa Tchiroma Bakary ya yi shekara shida a tsare, Bello Bouba Maigari ya tsallaka Najeriya. An yi dokar afuwa a 1991, amma Ahidjo da ya rasu a Dakar a 1989 har gobe can kabarinsa yake. A gidajen Garwa da Marwa da yawa, daga wannan shekara aka daina yi wa yaro sha'awar kaki. Dattawanmu ba sa son tayar da zancen, in ka matsa sai su ce a bar kaza cikin gashinta.

Ita ma fadar Etoudi ta ɗauki nata darasin: kada a sake barin bindiga a hannu ɗaya. Aka rusa tsohuwar rundunar gadin, aka kafa Garde Présidentielle, aka ɗauko Isra'ilawa su horar da ita. A takarda dai tsarin a bayyane yake. Akwai sojan ƙasa, na sama, na ruwa, da jandarma, har 'yan kwana-kwana ma soja ne a ƙasar nan. Shugaban ƙasa shi ne babban kwamanda, shi ya sa ma ministan tsaro sunan muƙaminsa minista mai wakilci a fadar shugaban ƙasa. Dokokin Yulin 2001 suka raba ƙasar zuwa shiyyoyin soja uku, Yawunde da Duwala da Garwa. Ta huɗu a Marwa sai a Agustan 2014 aka buɗe ta, bayan wuta ta riga ta kama, ta biyar kuma a Bamenda a 2018. Amma a aikace akwai runduna cikin runduna, kuma wadda ta fi kowa kayan aiki ba ta bin wannan layi.

Sau ɗaya ne sojan Kamaru ya fuskanci sojan wata ƙasa da gaske, shi ne rikicin Bakassi da Najeriya daga ƙarshen 1993. Shi ma ba bindiga ce ta raba gardamar ba. Kotun duniya ce ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba 2002, aka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006, aka kammala miƙa yankin a Agustan 2008. Mutane suna mantawa cewa hukuncin ya shafi namu ɓangaren: da shi ne Najeriya ta janye daga Darak da ƙauyukan bakin tafkin Chadi a ƙarshen 2003.

Mu a nan Arewa, abin da ya hana mu barci a shekarun 1990 ba sojan wata ƙasa ba ne, zargina ne, masu tare hanya. Duk wanda ya bi hanyar Marwa zuwa Kuseri ta Waza a wancan lokaci yana da labari. Fatake da dillalan shanu sun tafka asara, makiyaya sun sayar da garke don fansar 'ya'yansu. Don su ne aka kafa wata ƙaramar bataliya a 1999, wadda ta zama BIR a 2001, ƙarƙashin wani tsohon kanar na Isra'ila, Avi Sivan, wanda ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a 2010. BIR tana ɗaukar mutanenta da kanta, tana horar da su da kanta, umarninta daga fadar shugaban ƙasa yake fitowa, kuma an sha ruwaito cewa kuɗinta daga kamfanin mai na ƙasa, SNH, yake zuwa. A gaskiya ta rage zargina. Amma a Fabrairun 2008 da tarzomar tsadar rayuwa ta ɓarke, ita aka gani a titunan Duwala da Yawunde.

Sai Boko Haram. Da farko Yawunde ta ɗauki abin a matsayin matsalar Najeriya. A Fabrairun 2013 aka sace iyalin Faransawa bakwai kusa da Dabanga, a Mayun 2014 aka kwashe 'yan China goma a Waza, a wannan watan ne kuma Biya ya shelanta yaƙi daga Paris. Ranar 27 ga Yuli 2014 suka shiga Kolofata suka tafi da matar mataimakin firaminista Amadou Ali da lamidon garin. A lokacin garuruwan Najeriya da ke kallonmu suna ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya: Gwoza, Gamboru, Banki, Bama. Tsakanin Gamboru da Fotokol gada ce kawai, tsakanin Banki da Amchide kuwa ko gadar babu. A nan dole a faɗi gaskiya komai ɗacinta ga masu sukar soja: Fotokol ta sha wuta, an yi mata kisan gilla a Fabrairun 2015, Amchide ta zama kufai, amma ba a kafa tutar daula a Mora ko Mokolo ko Kuseri ba. Samari daga Ebolowa da Bafusam da Bamenda, waɗanda ba su san ko kalmar Fulatanci ɗaya ba, sun mutu a bakin kogin El Beid don mu kwana a gidajenmu. Sojojin Chadi da suka shigo a Janairun 2015 su ma sun taka rawa. Kwamandan shiyya ta huɗu da kansa, Janar Jacob Kodji, a bakin aiki ya rasu, a haɗarin jirgi kusa da Bogo a Janairun 2017.

Ina Domayo ranar Laraba 22 ga Yuli 2015 da aka ji ƙarar. 'Yan mata biyu ne suka tashi bam, ɗaya a babbar kasuwa, ɗaya a Barmare, unguwar Hausawa. Bayan kwana uku aka sake yi a Pont Vert da dare. Wanda yake ganin Boko Haram yaƙin Musulmi take yi, ya je Barmare ya tambaya. Wannan makon, wallahi, ganin motar soja a bakin titi kwanciyar hankali ne.

To amma ga ɗaya gefen, kuma rufe shi ba kishin ƙasa ba ne. Ranar 20 ga Disamba 2014 jami'an tsaro suka kai samame makarantun allo a Guirvidig, suka kwashe yara 84, aka tsare su wata shida a nan Marwa ba tare da an tuhume su da komai ba. Bayan mako guda, a Magdeme da Double cikin Mayo-Sava, aka kama maza sama da 200. Gwamnati da bakinta ta amince 25 sun mutu a tsare a daren farko, kuma Amnesty International ta ce fiye da 130 ba a sake jin ɗuriyarsu ba. A 2017 ƙungiyar ta fitar da rahoto kan azabtarwa a sansanin BIR na Salak, wanda ke bakin filin jirginmu, gwamnati ta musanta. A 2018 bidiyon Zelevet ya fito, sojoji suna harbe mata biyu da 'ya'yansu ƙanana. Da farko aka ce ƙarya ce, ba a Kamaru ba ne. A Satumbar 2020 kotun soja ta ɗaure huɗu daga cikinsu shekara goma-goma. Masu sauraron rediyo kuma ba su manta da Ahmed Abba ba, wakilin sashen Hausa na RFI da aka kama a Marwa a ƙarshen Yulin 2015, aka yanke masa shekara goma ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci ta Disambar 2014, sai a Disambar 2017 ya shaƙi iskar 'yanci bayan ɗaukaka ƙara.

Wannan shi ne darasin 1960 da na ce ku riƙe. Ɗan ƙauye abin zargi ne. A wancan lokaci Basa da Bamileke ne, a namu lokacin Barebari da Mandara da Larabawan Shuwa da Hausawa, duk mai gemu da ɗangalallen wando. Banda zalunci, abin har da rashin dabara. Yaƙin sari-ka-noƙe da labari ake cinsa, labari kuwa yana bakin mai shayi da mai babur da matar da ta je itace. Wanda aka tafi da ƙaninsa bai dawo ba, ba zai ɗauki waya ya kira bariki ba ko da ya ga baƙin fuska a bayan gari. Ba don yana son 'yan ta'adda ba, tsoro yake kada a ce ya aka yi ya sani.

Hujjar wannan magana ita ce 'yan sa-kai na kwamitocin sa-ido. Mutanen ƙauye ne da kwari da baka da adda da bindigar toka, amma su ne suka tare 'yan ƙunar baƙin wake da dama kafin su kai kasuwa ko masallaci, wasunsu suka mutu a wajen. Ba su fi soja ƙarfi ba, sun fi shi sanin wane ne ɗan gari wane ne baƙo. Su ma ba mala'iku ba ne, an sami waɗanda suka yi amfani da damar suka yi wa abokin gaba sharri ko suka shiga harkar shanun sata. Duk da haka, in ka cire su, sojan da ke Kolofata makaho ne.

Yanzu ina aka kwana? Manyan garuruwa sun sami sauƙi, kasuwannin iyaka sun farfaɗo. Amma a tsaunukan Mayo-Tsanaga har yanzu akwai ƙauyukan da mutane ke barin gida su kwana a kan dutse, kuma a bakin tafki ISWAP ta koma kai wa ƙananan sansanoni hari kai tsaye. Darak a Yunin 2019, Sagme a Yulin 2021, sai Wulgo a Maris 2025, inda aka kashe sojojinmu 12 na rundunar haɗin gwiwa a ɓangaren Najeriya, daf da Fotokol. Ita kanta rundunar haɗin gwiwar, wadda shiyyarta ta ɗaya ke Mora, ta yi rauni tun da Nijar ta fice a wannan watan na Maris. Amurkawa da suka kawo sojoji da jirage marasa matuƙa Garwa a 2015 sun rage tallafinsu tun 2019 saboda batun take haƙƙin ɗan Adam. Tun 2017 kuma an kwashi dakaru da kayan aiki zuwa yankunan masu magana da Ingilishi. Ga masu garkuwa da mutane a Adamawa da Mayo-Rey. Bargo ɗaya ne ake ja ta ko'ina.

A nan ne tsarin runduna cikin runduna yake nuna illarsa. A fagen daga guda an yi Operation Alpha ta BIR, an yi Emergence 4 ta sojan gama-gari, ga kuma ta haɗin gwiwa, kowacce da nata kwamanda da nata kaso. Kowa a Marwa ya san bambancin motar wannan da ta wancan. A Yunin 2017 wasu sojoji sun tare hanya a Zigue suna neman alawus ɗinsu, aka kama su. A 2025 ma'aikatar tsaro da kanta ta tsaurara wa sojoji fita waje saboda masu gudu zuwa yaƙin Rasha da Ukraine. Sojan da ke gadin ƙauyen kakarka shi ne wanda ya fi kowa ƙarancin gata a cikin tsarin. Kuma bayan zaɓen 12 ga Oktoba 2025, da aka ga yawan jami'an tsaron da aka jibge a titunan Garwa cikin 'yan kwanaki, aka kuma yi asarar rayuka a can da Duwala, mutanen iyaka sun yi tambayar da ta dace: ashe akwai wannan ƙarfi, me ya sa ba ma ganinsa in an kwashe mana gero da awaki?

Wani zai ce to ai maganar baban yaron ta fito, a nisanci kaki. Ni ban yarda ba. Shekara arba'in muna nisanta, me muka samu? Sojan da aka turo daga kudu yana jin Faransanci, tsohon da ya tsayar a shinge yana jin Barbarci ko Hausa, sai tafinta ya zama shi ne alƙali, ya faɗi abin da ya ga dama. Saƙonnin 'yan ta'addan nan da Hausa da Barbarci suke fitowa. Harshen da ya sa ake mana kallon zargi shi ne harshen da rundunar ta fi buƙata. Hafsa ɗaya da ya yi karatun allo, wanda ya san bambancin tsangaya da sansanin horo, da ya hana abin da ya faru a Guirvidig. Kuma shiga soja ba ya hana mu neman a gaya wa matan Magdeme inda mazajensu suke, hasali ma wanda ɗansa ke cikin kaki ya fi bakin magana. Limamanmu da sarakunan Hausawa da ke zuwa gaisuwa wajen hukuma duk sallah, ya kamata wannan ya shiga cikin abin da suke kaiwa, ba addu'a kaɗai ba.

Sai dai ƙofar ba ta buɗuwa da fatan baki. A Kamaru ba a tilasta wa kowa aikin soja, konkur ake yi, kuma akwai tsarin daidaita yankuna da ya ware wa kowace jiha kasonta, har a makarantar hafsoshi ta EMIA da ke Yawunde. Ana ta ƙorafin cewa sai da na goro ko da dogon hannu, ban ce babu ba. Amma kafin a kai ga mai karɓar goro, akwai abin da ke tsayar da yaranmu tun a bakin ƙofa: takardar haihuwa. In babu ita ba CEP, ba BEPC, ba katin ɗan ƙasa, balle konkur. Duk shekara ina ganin yara masu ƙwaƙwalwa suna kaiwa ajin ƙarshe su tsaya cak, saboda ranar suna an yanka rago an raba goro, amma ba wanda ya je ya yi rajista. Kasonmu kuwa ba ya zama fanko, wani ne yake cike shi.

Da aka tashi daga atisaye na koma ofis na buɗe rajistar ajin. Yaron nan mai son BIR yana cikin waɗanda ba su da takardar, sunansa ma bai shiga jerin masu jarrabawar bana ba. Yanzu sai an bi ta kotu, da shaidu, da ɗan kuɗin da ba kowane uba ke da shi a hannu ba. Na aika wa baban cewa ina son ganinsa ranar Litinin bayan azahar, ya ce in Allah ya kai mu zai zo.